Minti 45 a Maga: Wa Ya Ce Soja Su Tashi?

Daren Lahadi wayewar Litinin, 17 ga Nuwamba 2025, 'yan bindiga suka haura katangar makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke Maga, a ƙaramar hukumar Danko/Wasagu ta jihar Kebbi. Suka harbe mataimakin shugaban makarantar har lahira, suka ji wa wani ma'aikaci rauni, suka tasa ɗalibai 25 a gaba zuwa daji. Duk wanda ya zauna arewa maso yamma a shekarun nan ba zai ce ya ji sabon abu ba. An yi Ƙanƙara a Disambar 2020, an yi Jangebe a Fabrairun 2021, an yi Birnin Yauri a nan cikin Kebbi a watan Yunin 2021, inda wasu daga cikin 'yan matan suka kusa cika shekara biyu a hannun yaran Dogo Giɗe.

Abin da ya bambanta Maga shi ne maganar da Gwamna Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, ya yi bayan kwana huɗu, ranar da shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, Joe Ajaero, ya zo masa jaje a Birnin Kebbi. Gwamnan, wanda shi kansa tsohon malamin makaranta ne har ya taɓa shugabantar ƙungiyar malamai ta Najeriya, ya ce gwamnatinsa ta samu labarin sirri cewa ana shirin kai wa makarantar hari. Aka kira taron tsaro, aka ba shi tabbaci, aka tura sojoji. Sai ga shi wajen ƙarfe 3 na dare sojojin sun tashi, ƙarfe 3:45 kuma ɓarayin suka iso. A bainar jama'a ya tambaya: wa ya ba da umarnin janye su? Hedikwatar tsaro ta ce za ta bincika. Majalisar Dattawa ma ta ɗora wa kwamitocinta na tsaro bin diddigin lamarin. 'Yan sanda a nasu ɓangaren sun ce jami'ansu sun yi musayar wuta da maharan, amma kafin nan an riga an shiga ɗakin kwanan yaran.

Ƙasar da kowane gida ke da kaki

Da a wani wurin aka yi wannan, wataƙila da maganar ta ƙare a teburin mai shayi. Amma Maga ƙasar Zuru ce, kuma a ƙasar Zuru soja ɗan gida ne. Da wuya ka shiga gida uku a jere a Dabai ko Rikoto ko Ribah ba ka tarar da hoton wani cikin kaki rataye a bango ba. Tun zamanin Turawa, lokacin da Hausa ce harshen bariki, ake ɗibar samarin Dakarkari aikin soja, wasu har Bama a yaƙin duniya na biyu. Tsofaffi kan danganta abin da golmo, noman da saurayi ke shafe shekaru yana yi a gonar surukansa kafin a ba shi mata. Sukan ce yaron da ya gama golmo, horon kurata na Zariya hutu ne a wurinsa.

Daga nan Janar Ishaya Bamaiyi ya fito, wanda ya riƙe rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Daga nan Manjo Janar Musa Bamaiyi da Manjo Janar Tanko Ayuba suka fito. Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami, Gomo na biyu, manjo janar ne mai ritaya, ya yi gwamnan soja a Bauchi a 1984, Allah ya yi masa rasuwa a watan Agustan 2025, wata uku kafin daren Maga. Akwai bataliya a cikin garin Zuru. To a irin wannan ƙasa aka ce sojoji sun bar gadin 'yan mata saura minti 45. Mutane ba su ji abin a matsayin labarin wata hukuma mai nisa ba. Kamar an ce ɗan gidanka ne ya yi.

Kawuna samanja ne mai ritaya. Ya yi shekara 35 a kaki, ya je Laberiya a 1990 cikin dakarun ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, ya je Saliyo, yana Firitawun lokacin da 'yan tawaye suka kutsa cikin birnin a Janairun 1999. Ranar Asabar da ta biyo bayan maganar gwamna na same shi a ƙofar gida ƙarƙashin dogonyaro, shi da abokansa biyu 'yan mazan jiya, rediyo na kan tabarma ana ta maimaita labarin. Na gaishe su, na zauna gefe, na ce, "Kawu, ashe dai naku ne suka gudu." Da wasa na faɗa. Bai ɗauke shi wasa ba.

"Ɗan nan, kai malamin makaranta ne, ka iya bakinka," in ji shi. "Gudu daban, janyewa daban. In gudu suka yi, laifin mutum goma ne. In janye su aka yi, akwai mai suna."

Sai ya shiga yi mini bayani kamar yana gaban kurata. Ko gadin ƙofar bariki aka ba soja, ba ya ɗaga ƙafa sai mai karɓarsa ya iso. A ƙirga bindiga, a ƙirga harsashi, a rubuta lokaci a littafi, kowa ya sa hannu. A fagen daga abin ya fi haka tsauri. Mota ba ta motsi sai da oda, oda kuma ta oba-oba take zuwa ko ta waya, daga hafsan da ke sama da kai, kuma akwai wanda aikinsa ke nan ya rubuta ƙarfe nawa ta shigo da wanda ya aiko ta. Barin wurin aiki ba da izini ba laifi ne da ake gurfanar da soja gaban kotun soja a kansa, kowane kurtu ya san wannan tun makon farko. Saboda haka a ganinsa tambayar gwamna ba kacici-kacici ba ce. Ko dai akwai oda, to sunan mai ita yana rubuce, ko babu, to sunayen waɗanda suka tashi suna rubuce.

Abin da ya fi ci masa rai lokacin ne. Ya ce a duk inda ya yi aiki, gab da asuba ake tashin kowa, mai barci da mai gadi, kowa ya kama bindigarsa ya fuskanci waje har gari ya waye, domin abokin gaba ya san lokacin ne ido ke nauyi. Ƙarfe uku na dare soja bai gama aikin dare ba, yanzu ma ya shigo tsakiyarsa. Ɗaya daga cikin abokan nasa, wanda kofur ne ya fita, ya ce shi dai ba zai yanke wa yaran hukunci ba sai ya ji daga bakinsu, don ya sha ganin an kira runduna da gaggawa an ce ga hari can a wani ƙauye, a kwasa a tafi, ashe kiran na yaudara ne. Kawu bai musa ba. Ya ce hanyoyin uku ne: ko an yaudare su da kiran ƙarya, ko an yi sakaci an ɗauke su ba tare da masu canji sun iso ba, ko kuma wani ya sayar. Na ukun ya faɗe shi ƙasa-ƙasa, ya juya ya rage muryar rediyo kamar ita ce ta yi laifin.

Abin da zuwan soja ke yi wa gari

A nan ne nake ganin ainihin lamarin yake, kuma daga wani labarin Kawu na Saliyo na fahimce shi. Ya ce sun taɓa zama wani ƙauye na 'yan makonni. Matan garin na kawo musu ruwa da rogo, samari na nuna musu hanyoyin daji. Ranar da oda ta zo su matsa gaba, suna loda kaya sai suka ga garin kaf ya fito da ƙunshi a ka, tsofaffi da goyo, suna bin motocin a ƙafa. Babu wanda ya ce musu su tashi. Sun san abin da 'yan tawaye ke yi wa hannun da ya miƙa wa ECOMOG ruwa.

Haka abin yake a Bena da Wasagu da Ɗansadau. Ranar da motar soja ta tsaya a gari, garin ya canza. Waɗanda ke kwana a gona saboda tsoro sun dawo ɗaki. 'Yan sa-kai sun sassauta sintiri, wani lokacin ma an ce su ajiye bindigoginsu na gargajiya. Mai gari ya samu ƙarfin halin rada wa hafsa sunan wanda ake zargi infoma ne. An daina kai wa ɓarayi harajin da suka yanka. Duk wannan a idon mutanen daji ake yi, suna da masu ba su labari a kasuwa da tasha. In soja ya tashi, garin ba ya komawa yadda aka same shi. Ya rasa tsohuwar dabararsa ta kare kai, ga kuma sabon bashi da ya ci na ɗaukar fansa.

A auna Maga da wannan ma'auni. Bisa bayanin gwamna da kansa, an san da barazanar tun kafin ta auku. Wanda ya samu irin wannan labari hanya biyu ce a gabansa: ya sallami yara su koma gidajen iyayensu har ƙura ta lafa, ko ya bar su ya kawo masu gadi. An zaɓi ta biyu. Wato alƙawarin gadin nan shi ne dalilin da ya sa 'yan matan suka kwana a ɗakinsu a wannan dare. Da ba a yi alƙawarin ba, da hanyar farko tana nan a buɗe. Shi ya sa nake cewa gadin da aka janye ƙarfe uku ya fi rashin gadi muni, domin ya rufe ƙofa ɗaya sannan ya bar ɗayar a buɗe.

Sai dai adalci ya sa a ji ta bakin hafsan da ke riƙe da taswira. Sojan Najeriya yana aiki a kusan kowace jiha cikin 36, aikin da a ƙa'ida mafi yawansa na ɗan sanda ne. Mutum goma da Hilux ɗaya a bakin makaranta, in babura ɗari suka fito daga daji, kowane da goyon mutum biyu ko uku, ba gadi suke yi ba, jiran ajali suke. Mutanen Danko/Wasagu sun ga wannan da idonsu. A watan Maris na 2022, a garin Kanya, aka yi wa ayarin mataimakin gwamna na lokacin, Kanar Samaila Yombe mai ritaya, ruwan wuta, sojoji 13 da 'yan sanda biyar suka kwanta dama. A Satumbar 2021 an afka wa sansanin Mutumji a ƙasar Ɗansadau, aka kashe jami'ai 12. Can Borno ma, bayan harin da aka kai wa sansanin soja na Metele a 2018, rundunar ta kwashe ƙananan sansanoni ta tattara su a manya, don kada a riƙa cinye su ɗaya bayan ɗaya ana kwashe makamai. Sojoji sun ragu da mutuwa a lokacin, ƙauyuka kuma suka zama marayu. Duk hafsan da ya janye yaransa daga wani wuri yana da lissafin da ya yi. Abin tambaya shi ne ko mutanen da aka bari suna cikin lissafin, kuma ko an gaya musu.

Wannan na ƙarshen shi ne abin da na kasa samun wanda zai kare shi, ko cikin 'yan mazan jiya. A ce dole ta sa an tashi. Kiran waya ɗaya ga hukumar makaranta, ko ga hakimi, ko ga shugaban 'yan banga, minti nawa zai ci? Minti 45 sun isa a tashi yara a watsa su cikin gidajen gari.

Masu cewa a ajiye bindiga

A ƙasar nan masu adawa da yaƙi ba kasafai suke fitowa da kwalaye ba. A masallaci ake jin su, da rediyo, da zauren mai gari. Fitaccensu shi ma tsohon soja ne: Sheikh Ahmad Gumi, likita, ya bar soja yana kyaftin, kuma asalin gidansu Gummi ce, maƙwabciyar Danko/Wasagu ta ɓangaren Zamfara. Tun 2021 da ya shiga dazukan Zamfara ya zauna da 'yan bindiga yake nanata cewa ƙarfin soja kaɗai ba zai kawo ƙarshen abin ba, sai an zauna.

Hujjarsu ba ta banza ba ce. A Yulin 2016 Shugaba Buhari ya je dajin Ɗansadau cikin kakin soja ya ƙaddamar da farmakin soja mai suna Harbin Kunama. Aka yi Sharan Daji, aka yi Hadarin Daji, yanzu ana Fansan Yamma. Suna na canzawa, kuɗin fansa na hauhawa. Jiragen da aka turo ceto sun sha faɗa wa waɗanda aka zo ceta: Mutumji a Disambar 2022, Tungar Kara a Janairun 2025 inda cikin mamatan har da 'yan sa-kan da suka fito bin sawun ɓarayi. Ga kuma Fulanin da ba su ji ba ba su gani ba, waɗanda aka kashe a kasuwanni saboda kamanni, 'ya'yansu suka shige daji da ƙullin gaba. Wanda duk ya ce waɗannan ba su cikin abin da ke hura wutar, bai zauna da mutanen ba.

Na taɓa zama da wani dattijo manomi daga wani ƙauye na bakin iyakar Zamfara, ya zo Zuru jinyar matarsa. Garinsu sun yi shekara biyu suna biyan kuɗin noma da kuɗin girbi. Na tambaye shi ko ba su kai kuka a kawo musu soja ba. Ya dube ni kamar na yi zancen yara. "Malam," ya ce, "in za su zauna, mu ne masu dafa musu tuwo. In na kwana bakwai ne, don Allah su yi zamansu. Soja baƙo ne, wancan kuwa da shi za mu wayi gari." Wannan mutum ba ya ƙaunar ɓarawo, an kashe masa ƙane. Mai ɗaki ne da ya san inda yake masa yoyo.

Inda nake rabuwa da masu sulhu shi ne abin da ke biyo baya. Bello Matawalle ya gwada a 2019 yana gwamnan Zamfara. An samu 'yan watanni na sauƙi, an sako mutane, an miƙa wasu bindigogi. Kafin Satumbar 2021 gwamnatin nan tasa ce ta sa aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Dauda Lawal da ya gaje shi ya ce shi ba zai zauna da su ba, ya kafa Askarawan Zamfara a farkon 2024. A 2025 kuma wasu ƙananan hukumomin Katsina irin su Jibiya da Batsari suka yi nasu zaman, 'yan bindiga suka zo wurin taron rataye da makamansu suka koma da su. Sulhun da ɓangare ɗaya ya zo da bindiga, ɗayan ya zo da roƙo, haraji ne aka sauya wa suna. Mutanen Zuru kuma suna da wani ƙorafi da suka daɗe suna yi: duk lokacin da aka yi sulhu a can, ɓarawon bai tuba ba, ya dai daina ci a gida ne ya tsallako maƙwabta.

Sau ɗaya ne na ga adawa da yaƙi ta fito fili ta haɗa kowa, har da Kawu. Bayan sojoji sun kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta ba jagoransu Janar Tchiani wa'adin mako guda, aka fara maganar tura dakaru Nijar. Sanatocin arewa suka tashi, suka lissafa jihohi bakwai da ke kan iyaka, Kebbi da Zamfara na ciki. Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan amfani da ƙarfi. Aka yi zanga-zanga a Kano. Malamai suka tafi Yamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau. Waɗanda ECOWAS ta aika neman maslaha ma tsofaffin sojoji ne, Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, wanda ya bar soja yana birgediya janar. A Kamba da Kangiwa ba a buƙatar mai bayani. Mutumin Kamba da zai harbi Gaya ta Nijar, gidan surukansa zai harba. Kawu a lokacin cewa ya yi duk mai ɗokin yaƙin nan bai taɓa ɗaukar gawar abokinsa a kafaɗa ba.

Ba a yi yaƙin ba, alhamdu lillahi. Amma an yi wata janyewar da ba a yi mata zanga-zanga ba. Iyaka ta zauna a rufe har Maris na 2024. Nijar ta sallami sojojin Faransa a ƙarshen 2023, na Amurka suka kammala fita a Satumbar 2024. Sintirin haɗin gwiwa tsakanin sojojinmu da nasu ya yi rauni, kuma hedikwatar tsaro da kanta ta danganta shigowar mayaƙan Lakurawa da wannan giɓi. A Nuwambar 2024 suka kashe mutum 15 a Mera ta ƙaramar hukumar Augie. Masu cewa kada a yi yaƙi sun yi gaskiya, sai dai babu wanda ya tsaya ya tambayi wa zai riƙe iyakar bayan an ɓata.

Wani ɗalibina da ke yawan karance-karance a intanet ya taɓa kawo mini misalin Amurka, yadda a Afrilun 1971 tsofaffin sojojin Amurka da suka yi yaƙin Biyetnam suka taru a Washinton suka yi jifa da lambobin yabonsu a gaban majalisa suna neman a dawo da 'yan uwansu gida. Na ce masa misalin yana da kyau amma ba namu ba ne. Sojan Amurka da ya bar Saigon ko Kabul jirgi ya hau ya ƙetare teku, abin da ya biyo baya a talabijin ya gani. Sojan da ya bar Maga ba shi da tekun da zai ƙetare. Mai yiwuwa ma ƙanwarsa tana wata makarantar kwana irin wannan.

'Yan mazan jiya da gadin makaranta

Namu tsofaffin sojojin su ma suna zanga-zanga, amma ta haƙƙinsu ce. A Disambar 2024 da Janairun 2025, da kuma Agustan 2025, an ga su da tabarmi a ƙofar ma'aikatar kuɗi ta tarayya a Abuja suna neman a biya su bashin da suke bi. Kowace 15 ga Janairu a sa musu fure a saki tattabaru, sauran kwanakin shekara su yi ta bin layin tantancewa. Yaron da ke gadi a daji yana ganin wannan a wayarsa, ya san gobensa ke nan.

Bayan Maga, maganar da ta karaɗe majalisun Zuru ita ce: ga ƙwararru zaune a gida, me zai hana a ba su gadin makarantu? Su 'yan gari ne, babu mai janye su ƙarfe uku. Ni kaina na ɗauki maganar da zafi na kai wa Kawu. Ya bar ni na gama, sannan ya miƙo mini hannunsa na dama ya ce in duba. Yana rawa.

"Da wannan zan riƙe ta?" ya ce. "To a ce na riƙe. Wace bindiga, ta wa? In na harbi mutum, wa zai tsaya mini a kotu? In aka harbe ni, wa zai ba gwaggonka ko buhun masara?"

Ya tuna mini da Sakaba, Maris na 2022, kwana biyu kafin Kanya, inda aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna aka kashe fiye da 60 a yini ɗaya. Jarumta ba ta yi musu ƙaranci ba. Labarin fitarsu ne ya riga su isa. Ya ce abin da tsohon soja zai iya yi, kuma ba a taɓa neman su yi ba, shi ne zama tsani. A kowace makarantar kwana a samu biyu ko uku daga cikinsu da hukuma ta sani, waɗanda hafsan da aka turo zai gabatar da kansa gare su ranar da ya iso, ya kuma sallame su ranar da zai tashi. Sun san yaren bariki, sun san tambayar da ake yi, kuma ƙaramin hafsa zai ji nauyin ya wuce samanja mai furfura ba sallama. Ban sani ba ko son kai na ɗan'uwa ne, amma duk cikin shawarwarin da na ji a makonnin nan, wannan ce kaɗai ba ta buƙatar sayen jirgi.

Akwai ma masu ganin ajiye soja a cikin harabar makaranta kuskure ne tun asali, don yana mai da ita abin hari. Yarjejeniyar kare makarantu ta duniya, wadda Najeriya ta amince da ita a 2015 har ta karɓi baƙuncin taronta a Abuja a 2021, tana jan kunne a kan haka. A takarda maganar daidai ce. A Danko/Wasagu, inda aka kashe mutum 88 a ƙauyuka cikin yini ɗaya a Yunin 2021, ba na jin akwai uban da zai yarda a karanta masa ita.

Abin da ya biyo baya an san shi. Hafsan hafsoshin sojan ƙasa, Laftanar Janar Waidi Shaibu, ya zo. Mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima ya zo Birnin Kebbi. Shugaba Tinubu ya fasa tafiyarsa Afirka ta Kudu, ya umarci Matawalle, wanda a lokacin ƙaramin ministan tsaro ne, ya tare a Kebbi. Ana cikin haka aka kwashe ɗaruruwan yara a Papiri ta jihar Neja ranar 21 ga wata. Ɗaya daga cikin 'yan matan Maga ta kuɓuta da ƙafarta tun farko, sauran 24 aka sako su ranar 25 ga Nuwamba, gwamna ya ce ba a biya ko kwabo ba. Gwamnatin tarayya ta rufe makarantunta na kwana fiye da 40, Kebbi ma ta sallami ɗalibanta.

Cikin waɗanda aka sallama har da jikar Kawu, 'yar aji biyu a wata makarantar kwana da ba Maga ba. Ta dawo a bayan babur, akwatin ƙarfe a cinya, bokiti rataye a hannu. Uwarta ta rantse ba za ta koma ba, a nema mata ta jeka-ka-dawo ko ta zauna. Uban yana Legas, ya ce duk abin da Baba ya yanke. Kwana uku Kawu bai ce komai ba. A na huɗu na iske shi ya juya bayan wata tsohuwar takardar tantance fansho yana rubutu da biro, harafi manya-manya irin na littafin gadi. Tambaya uku ce: su nawa ne, wa ke karɓarsu, wa za su gaya wa in za su tashi.

Na ce, "Kawu, in aka ƙi ba ka amsa fa?"

Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba. Ya ce ranar komawa shi zai kai ta da kansa, kuma a ajiye masa bargo da tocila, don a bakin ƙofar makarantar zai kwana ya ga ƙarfe uku da idonsa.